Yadda mai binciken ilimi zai mayar da abin da ya gano ga malaman makaranta da jama'a

Shekarun baya, lokacin da nake tattara bayanan kundina, na je wata firamare a bayan gari da jaka cike da takardun tambayoyi. Bayan mun gaisa da hedimasta na miƙa masa wasiƙar gabatarwa daga sashenmu. Bai ko buɗe ta ba. Sai ya jawo durowar teburinsa ya ɗauko wani tsohon fayil da aka ɗaure da zare, ya kwance shi a gabana. Wasiƙu ne irin tawa, wasu har sun yi ja saboda daɗewa, daga jami'o'i da kwalejojin ilimi daban-daban. Ya ce, "Malam, duk waɗannan 'yan'uwanka ne. Kowa ya zo ya tambaye mu mun ba shi amsa, mun tsayar masa da darasi, mun tara masa yara. Har yau ba wanda ya dawo ya ce mana ga abin da ya gani." Ya ba ni izini na yi aikina, amma maganarsa ta zauna mini a zuciya har yau.

Gaskiya ya faɗa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai bincike idan ya kammala, hanyarsa a shimfiɗe take: ya kare kundi a gaban malamansa, a ɗinke shi da bango mai kauri, a kai ɗakin karatu, sannan ya tsamo maƙala biyu ko uku ya aika mujallar masana, domin da su ake lissafin ƙarin girma. Zama da malaman aji uku a yi musu bayani da Hausa ba shi da nauyin a zo a gani a wannan lissafin. Shi ya sa abin da aka gano game da yaranmu yake kwance a kanta da Turanci, malamar da ke fama da aji mai yara sama da ɗari ba ta taɓa jin labarinsa ba. A ganina binciken ilimi bai ƙare ba sai ya koma ajin da aka ɗebo shi, da harshen malamin, a siffar abin da zai iya yi ranar Litinin da alli da allo. Ga yadda ake yin haka.

Mataki na farko: ka ɗaura niyyar dawowa tun kafin ka fara

Ranar da ka je neman izini, ranar za ka faɗa wa hedimasta cewa za ka dawo da sakamako, ka kuma faɗi zangon karatun da za ka dawo. Alkawari kaya ne, saboda haka kada ka yanka lokacin da ba za ka iya cikawa ba. Ka karɓi lambar wayar malamai biyu ko uku ban da ta shugaban makaranta, domin ana yawan yi wa shugabanni canjin wurin aiki, kana iya dawowa ka tarar da baƙuwar fuska a ofis.

Idan tallafi kake nema, ko daga TETFund ne, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ko daga wata ƙungiya, ka sa kuɗin komawa a cikin kasafin tun farko: kuɗin mota, buga takardu, ruwa da ɗan abin taɓawa na ranar zama da malamai. Wanda ya bari sai ƙarshe, zai tarar kuɗin sun ƙare a wajen tattara bayanai da ɗinkin kundi. Ka kuma tambayi malaman tun a zuwan farko, me ya fi ci musu tuwo a ƙwarya a aji? Sau da yawa tambaya ɗaya da za ka ƙara a takardarka saboda su, ita ce za ta sa su saurare ka idan ka dawo.

Mataki na biyu: tace kundin har ya zama magana guda

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa. Ka ɗauki farar takarda ka amsa tambaya uku ba tare da ka buɗe kundin ba. Me na gano? Yaya ƙarfin hujjata? Me mutum zai yi da shi? Idan amsar kowace ta wuce jimla biyu, ba ka gama tacewa ba.

A ce, misali, ka gwada yara 300 'yan aji huɗu, ka samu 180 ba sa iya karanta gajeriyar jimlar Hausa. Babi na huɗu na kundinka cike yake da jadawali, amma abin da za ka faɗa wa malami shi ne: cikin yara goma da ke zaune a gabanka, shida ba su kai ga haɗa kalmomi su zama jimla ba, kuma yawancinsu a wajen haɗa baƙi da wasali suke tsayawa. Wannan magana malami zai iya ɗauka. Zai ma iya kiran sunayen shidan a zuciyarsa kafin ka rufe baki.

Tambaya ta biyu, wato ƙarfin hujja, ita ce amanar da ke wuyanka. Idan makarantu huɗu ka bincika a ƙaramar hukuma ɗaya, ka ce makarantu huɗu ne, kada ka ce "yaran Arewa". Idan ka ga abu biyu suna tafiya tare, kada ka ce ɗaya ne ya haifi ɗayan. Yaran da ke da littafi a gida suna iya fin sauran karatu, amma wataƙila ba littafin ne kaɗai ba, wataƙila gidan ne ke da yaya ko uwa mai zama da yaro bayan magariba. Akwai kuma kalmar nan ta masu ƙididdiga, da ake cewa an samu bambanci mai ma'ana. A wurinmu tana nufin da wuya a ce bambancin dace ne kawai. A kunnen mai sauraro kuwa tana nufin babban bambanci, alhali yana iya zama maki biyu cikin ɗari. Ka faɗi girman bambancin da kansa, ka bar kalmar a cikin kundi.

Akwai wata dabara da nake sha'awa daga Ingila. Wata gidauniya mai suna Education Endowment Foundation, da aka kafa a 2011, tana tattara bincike kan hanyoyin koyarwa tana jera wa malamai a shafinta. A gaban kowace hanya akwai alama uku kacal: yawan watannin ci gaban da yaro kan ƙara idan aka bi ta, tsadarta, da kuma ƙarfin hujjar da ke bayanta, wanda suke nunawa da hoton kwaɗon kulle ƙofa, daga ɗaya zuwa biyar. Shugaban makaranta da kallo ɗaya zai san wace hanya ce mai araha, wace ce kuma har yanzu ba a tabbatar ba. Ba sai ka kwaikwayi alamominsu ba, amma abu ukun nan, amfani da tsada da tabbas, su ne duk mai makaranta yake son ya ji daga bakinka.

Mataki na uku: ka rubuta da Hausa daga tushe

Kada ka ɗauki taƙaitaccen bayanin da ke farkon kundinka ka bi shi layi-layi kana juyawa. Abin da zai fito Turanci ne sanye da rigar Hausa, ba mai karanta shi har ƙarshe. Ka rufe kundin, ka sa wayarka ta ɗauki murya, ka yi wa wani na gida da bai shiga jami'a ba bayanin abin da ka gano. Inda ya tsayar da kai ya ce "kamar yaya?", nan ne maganarka ke da rami. Bayan haka ka saurara ka rubuta.

Wajen kalmomin fanni, ka fara neman wadda malamai ke amfani da ita a ofishinsu. Suna da bita, jadawali, rajista, tsarin darasi, gwajin ƙarshen zango, kayan koyarwa. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa da aka yi a 'yan shekarun nan, irin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, sun riga sun zaunar da kalmomi da dama a bakin malaman ƙananan azuzuwa, irin sautin harafi da gaɓar kalma. Ka bi sawunsu maimakon ka ƙirƙiro sabuwa da ba wanda ya sani. Inda babu kalma, ka kwatanta abin a jimla. Kada ka raina wannan aiki. Lokacin da Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara shirinsu na koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare a Ile-Ife a 1970, wani babban kaso na wahalarsu ya tafi ne wajen samar da kalmomin lissafi da kimiyya da rubuta littattafan da malami zai riƙe. Ba don wannan ba, da ra'ayin ya tsaya a takarda.

Ka kuma tuna da waɗanda boko bai kai gare su ba amma suna karanta ajami. Idan bincikenka ya shafi makarantun allo ko iyaye a karkara, ka nemi wanda hannunsa ya faɗa a ajami ya rubuta maka shafin.

Mataki na huɗu: komawa makarantar

Da ɗan gari akan ci gari. Makarantar gwamnati tana da ƙofofi, kuma ana bin su ne a jere: hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha wato SUBEB, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan shugaban makaranta. Ko da ka saba da hedimasta, kada ka tsallake sakataren ilimi, domin idan ya ji labarin taron daga wani bakin, hedimastan ne zai amsa tambaya, ba kai ba.

Ka fara zama da shugaban makaranta shi kaɗai kafin ka tara malamai. Idan akwai abu mara daɗi a sakamakon, a ofishinsa ya kamata ya fara ji, ba a gaban waɗanda yake shugabanta ba. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ga abin da na gani, ina so ka duba ko akwai abin da ya kuɓuce mini." Sau da yawa zai gaya maka dalilin da alƙalumanka ba su nuna ba: wannan ajin ya yi zango guda ba malami, ko iska ta ɗauke rufin wancan, yara suka koma ƙarƙashin bishiya.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ka kauce wa makon jarrabawa, ranar Juma'a da ake tashi da wuri, ranar kasuwar garin, da lokacin girbi idan karkara ce. Makonnin farko na zango sun fi, domin malami na da sauran lokacin gwada abin da ya ji. Zaman kada ya wuce awa biyu.

Abu guda da ba a sassauci a kansa: ba a kiran sunan malami, ko aji, ko makaranta da ta yi baya. Malamin firamare ya riga ya gaji da masu zuwa su nuna masa gazawarsa. Da zarar ya ji ƙamshin cewa sakamakon zai iya kaiwa ga takardar tuhuma, kunnensa ya toshe, kuma wanda zai zo bincike bayanka ba zai samu amsar gaskiya ba.

Yanzu ga yadda zaman zai kasance. Ka bar majigi a gida, ba lallai a samu wuta ba, kuma ba shi ake buƙata ba. Ka yi minti goma kana faɗin abin da ka gano, kana rubuta lambobi biyu ko uku a allo. Daga nan ka sauka daga matsayin mai lacca. Idan shawararka wata hanyar koyarwa ce, ka nemi a kawo maka yara goma sha biyar, ka ɗauki alli ka koyar a gaban malaman. Gani ya kori ji. Idan ba za ka iya yin darasin da kanka na minti ashirin ba, alama ce shawarar ba ta nuna ba tukuna. Sannan ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya gwada, sauran su faɗi abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba a ajinsu. Idan wata malama ta ce, "Malam, wannan sai mai yara talatin, ni ina da ɗari da goma," kada ka kare kanka. Ka tambaye ta yadda za ta gyara shi ya dace da ɗari da goma. Amsarta ta fi abin da ke shafin shawarwarinka daraja.

Akwai labarin da ya kamata duk mai binciken ilimi ya sani a kan wannan. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fito da hanyar koyar da yaro daidai matakinsa: a gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintuna, a ga ko bai san harafi ba, ko ya san haruffa, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko labari, sannan a raba yara rukuni bisa inda suka tsaya maimakon bisa ajinsu, na wani ɓangare na yini. Masu bincike na cibiyar J-PAL, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu kyautar Nobel a 2019, sun yi shekaru suna gwada ta. Hanyar tana aiki, wannan an gani tun da wuri. Amma da aka kai ta makarantun gwamnati a jihohin Bihar da Uttarakhand, aka yi wa malamai bita aka ba su kayan aiki aka tafi, karatun yara a lokacin darasi bai motsa ba, domin malaman sun koma bin manhaja kamar yadda masu duba su ke nema. Sai a jihar Haryana, da aka ware wa aikin awa guda a jadawalin makaranta, aka kuma sa jami'an da ke duba malamai su fara shiga aji su koyar da hannunsu na wasu kwanaki kafin su fara sa ido, sannan aka ga canji. Wannan hanya ta iso mu: a 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a Kano, don 'yan aji huɗu zuwa shida. Darasin da ke ciki a wurinka shi ne, bita ta yini ɗaya ba ta canza aji. Ka gayyaci jami'in da ke zagayen duba makarantar ya zauna a taronka, ka kuma nemi hedimasta ya faɗi a wane lokaci na jadawali za a riƙa yin abin. Idan ba a ba shi gurbi a jadawali ba, ba za a yi shi ba.

Mataki na biyar: abin da za ka bari a hannunsu

Takarda ɗaya, gaba da baya, da manyan haruffa. A gaba: abin da aka gano da inda aka gano shi. A baya: matakan da malami zai bi, da misalin darasi guda cikakke, da lambar wayarka. Ka buga da yawa, ka sa guda biyu a leda a manna a ofishin malamai. Duk abin da ka ba da shawara ya zama ana iya yinsa da abin da ke makarantar: alli, kwali, tsinken tsintsiya, tsakuwa, murfin kwalba.

Sai saƙon murya. Malamai da yawa suna cikin zaurukan WhatsApp na makarantarsu ko na ƙaramar hukuma, kuma saƙon murya na minti biyu ko uku ya fi doguwar takarda yawo, ya fi bidiyo sauƙin data. Ka fara da sallama da sunanka da inda kake aiki da shekarar binciken, domin saƙon zai yi tafiya har inda ba a san ka ba, kuma zai iya dawowa bayan shekara uku a matsayin sabon labari. Magana guda a kowane saƙo.

Hoton yara da muryarsu kuwa, ba a yaɗa su sai da yardar iyaye. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman iznin uba ko mai kula da yaro kafin a yi amfani da bayanansa, kuma ko ba doka, bidiyon yaro yana in'ina a gaban allo abu ne da zai iya bin sa har girmansa. Idan dole sai an nuna, a ɗauki hannu da takarda, a bar fuska.

Mataki na shida: iyaye da mutanen unguwa

Iyaye da yawa suna auna makaranta ne da cewa yaro yana fita da safe yana kuma wucewa aji na gaba. Ba su da hanyar sanin ko yana karatu. A nan ma Indiya ta nuna wata hanya: tun 2005 ake yin wani gwaji mai suna ASER, inda 'yan sa-kai ke bin gida-gida da takarda guda mai ɗauke da haruffa da kalmomi da ɗan labari, suna gwada yaro a tsakar gida a gaban iyayensa. Uba da ya ga ɗansa ɗan aji biyar ya kasa karanta labarin aji biyu ba ya buƙatar a kawo masa jadawali. An ɗauki wannan salo a Kenya da Tanzaniya da Yuganda da sunan Uwezo, a Najeriya kuma da sunan LEARNigeria.

Kai ma kana iya yin irinsa. Ka nemi gurbi a taron ƙungiyar iyaye da malamai ko na kwamitin kula da makaranta, SBMC, inda dama akwai wakilin mai unguwa da na malaman addini da na mata. Ka gai da mai unguwa ko dagaci tukuna, ka gaya wa liman abin da ke tafe da kai, domin sanarwa ɗaya bayan sallah ta fi takardar gayyata ɗari. Ka raba wa iyaye ƙaramar takardar gwaji, ka nuna musu yadda yaya zai iya gwada ƙanensa. Amma ka ja kunne sosai cewa gwajin ba na duka ba ne, ba kuma na zuwa a ci mutuncin malami ba ne. Ka bi shi nan take da abin yi: minti goma sha biyar kullum yaro ya karanta wa wani da ƙarfi.

Wani kuskure da mu maza muke yi shi ne mu yi taro a ƙofar makaranta mu ɗauka mun gana da iyaye, alhali uwayen da ke tare da yaran yini guda suna cikin gida. Ka haɗa kai da malama mace ko wata abokiyar bincike, ta kai bayanin islamiyyar matan aure ko taron ƙungiyar iyaye mata. Idan binciken ya shafi karatun 'ya'ya mata, wannan zaman ya fi na mazan muhimmanci.

Mataki na bakwai: rediyo da jarida

A ƙasar Hausa har yanzu ba abin da ya kai rediyo shiga lungu. Ko a 2020 da annobar korona ta rufe makarantu, ta rediyo da saƙon waya aka ci gaba da kai wa yara darasi a jihohi da dama. Tashoshi masu zaman kansu, irin Freedom Radio da ta fara a Kano a 2003 da waɗanda suka biyo bayanta, suna sayar da fili, amma sashen labarai da shirye-shiryen tattaunawa kullum suna neman baƙo mai magana a kan abin da ake ciki. Saboda haka ka ɗaura bincikenka a kan lokaci: komawa makaranta a watan Satumba, fitowar sakamakon WAEC ko NECO, ranar yaƙi da jahilci ta 8 ga Satumba, ranar malamai ta 5 ga Oktoba, ranar harshen uwa ta 21 ga Fabrairu. Ka tuntuɓi mai shirin mako biyu kafin ranar.

Ka shiga ɗakin shirin da magana uku a rubuce a ƙaramar takarda, ba fiye ba. Idan ana buɗe layi ga masu sauraro, za a ja ka zuwa albashi da siyasa da yajin aiki. Ka amsa da ladabi cewa abin da ka bincika kaza ne, ka koma kansa. In da hali ka tafi da malamin da ya gwada abin a ajinsa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai ka tabbatar ya samu izni daga sama, domin ma'aikacin gwamnati ba ya magana da 'yan jarida a kan aikinsa haka kawai, kada ka jawo masa abin da kai ba zai shafe ka ba.

Ɗan jaridar da ya zo hira, ka ba shi lambobin a rubuce, tare da yawan makarantun da shekarar. Kanun labari na son abu mai zafi, kuma "makarantu huɗu a ƙaramar hukuma ɗaya" na iya wayar gari ya zama "ɗaliban jihar kaza". Idan haka ta faru ka kira ka nemi gyara a ranar. Kana kuma iya rubuta maƙalarka da kanka ka aika jaridar Hausa irin Aminiya, ko, don masu karatu da Turanci, shafin The Conversation Africa da ke buga rubutun malaman jami'a don jama'a tun 2015.

Mataki na takwas: masu hukunci

Kwamishina ko shugaban hukuma ba zai karanta kundi ba. Shafi biyu za ka kai: matsalar, abin da ka gano, abu ɗaya ko biyu da ofishinsa ke da ikon yi, da kiyasin kuɗinsu. Ka aika kowace shawara inda take da mai ita. Manhaja ta hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa ce, wato NERDC, horar da malaman da ke bakin aiki akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna da kuma SUBEB, abin da ake koya wa ɗaliban NCE kuwa na hukumar kwalejojin ilimi ne da su kwalejojin. Ka nemi daraktan tsare-tsare da bincike da ƙididdiga, domin shi ke zama idan masu muƙaman siyasa sun tafi. Ka kuma kai takardar tun ana haɗa lissafin kasafin shekara mai zuwa, ba bayan majalisa ta amince da shi ba.

Cikakken aikin kuma ka ajiye shi inda za a same shi kyauta, a rumbun intanet na jami'arka ko a mujallar da ke kan African Journals Online, shafin da ke tattara mujallun masanan Afirka, bayan ka duba abin da yarjejeniyarka da mawallafa ta yarda ka yaɗa. Ka haɗa shafin Hausar nan da shi.

Mataki na ƙarshe: ka sake komawa bayan zango guda

Wannan karon ba da takarda za ka je ba. Ka nemi izni ka zauna a bayan aji, a kan benci tare da yara, ka kalli darasi daga farko har ƙarshe. Bayan an tashi ka tambayi malamin abu uku: me ya ɗauka, me ya bari, me ya canza. Abin da ya bari zai nuna maka inda shawararka ba ta san aji ba. Abin da ya canza kuwa ka rubuta shi da kyau.

A wata makaranta na taɓa ba da shawarar a yanka kwali a rubuta gaɓoɓin kalma, yara su riƙa haɗawa. Da na koma na tarar ba kati ko ɗaya, gara ta cinye wasu a kabad, sauran sun yage a hannun yara cikin mako biyu. Amma wata malamar aji biyu ta sa yara sun tattaro murafen robar lemo, ta rubuta gaɓa ɗaya a kan kowanne da alƙalamin da ba ya gogewa, ta zuba su a tsohon gwangwanin madara, kowane rukuni da nasa. Ina zaune wata yarinya ta jawo "ma" da "ka" da "ran" da "ta" ta jera a kan tabarma, ta bi su da yatsa tana furtawa a hankali har kalmar ta fito. Na nemi iznin malamar na sa dabararta a takardar da na sake bugawa, na kuma roƙe ta ita ta nuna wa malaman makarantu uku da ke kusa a zaman da muka yi farkon zango na gaba.